"On behalf of" ko "in behalf of": wanne ne daidai, kuma a ina ake sa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon ɗalibinka ne, yanzu kuma ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ajinmu. A taron da muka yi bayan Sallah na buɗe jawabina da cewa, "On behalf of myself and the entire members of this association, you are all welcome." Da aka tashi sai wani abokina ya ja ni gefe ya ce na yi kuskure, wai "in behalf of" ake cewa. Wani kuma ya ce jimlar ce gaba ɗaya ba ta zauna ba. Don Allah Malam a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya taya ka riƙon wannan sakatarci, don aiki ne mai cin rai ga shi babu albashi.

Bari in fara sauke maka nauyin farko. Abokinka da ya ce "in behalf of" ake cewa bai yi daidai ba. Abin da ka faɗa, wato "on behalf of", shi ne abin da ake faɗa a Ingila yau, kuma Turancin da muke koyarwa a makarantunmu, wanda ake auna yara da shi a jarrabawar WAEC da NECO, bin sawun na Ingila yake yi. A can "in behalf of" ya riga ya kwanta dama, sai dai ka gamu da shi a tsofaffin littattafai. A Amurka ne har yanzu yake da sauran numfashi, wataƙila ma a rubutun wani Ba'amurke abokin naka ya tsinto shi.

Wasu malaman nahawu na Amurka sun daɗe suna ƙoƙarin raba wa kalmomin biyu aiki. Suka ce a bar "on" wa wakilci, a bar "in" wa abin da aka yi don amfanin wani. A wannan lissafin, idan bazawara ta ɗauki lauya ya tsaya mata a kotu, sai a ce "the lawyer spoke on behalf of the widow", don ita ta sa shi. Idan kuwa jama'a suka haɗa gudummawa don marayu, sai a ce "they raised money in behalf of the orphans", don marayun ba su aiki kowa ba, taimako ne kawai ya zo musu. Rabon yana da daɗin ji, ni ma da nake saurayin malami na taɓa rubuta shi a allo. Amma ƙamus ɗin Merriam-Webster, wanda su Amurkawan ke ji da shi, ya fito fili ya ce wannan bambancin bai taɓa samun gindin zama a bakin masu harshen ba, kuma da yawansu ba sa kiyaye shi. Saboda haka ka riƙe "on" a duka wuraren biyu. Babu mai duba takarda, a Landan ko a Legas ko a New York, da zai ja maka jan biro a kai.

Abokinka na biyu shi ne ya hango inda gizo ke saƙa. Kafin in nuna maka wurin, bari mu leƙa asalin kalmar, don daga nan komai yake warwarewa. "Behalf" da "half" uwarsu ɗaya. A tsohon Turanci kalmar da ta zama "half" ba rabi kaɗai take nufi ba, tana nufin gefe ko ɓangare. Wato asalin maganar shi ne "a ɓangaren wane", mutum ya tsaya a gefen wani, ya zama nasa. Daga tsayawa a gefen mutum aka gangaro zuwa tsaya masa, daga tsaya masa aka zo ga yin magana da bakinsa.

Mu kuwa Hausawa ba mu da buƙatar a yi mana dogon bayani kan wannan, don kusan kowace Juma'a ko Asabar muna ganinsa. Ka tuna ɗaurin aure na ƙarshe da ka je. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga goro da alawa a tire an rufe, liman na tsakiya. Sai a ce ina wakilin ango, wani dattijo ya gyara zama, ya ce yana nema wa ɗansa wane auren wance a kan sadaki kaza. Waliyyin amarya ya ce ya ba shi. Wakili ya ce ya karɓa masa. Shaidu suka shaida, aka shafa fatiha. Shi angon yana can baya cikin abokansa da babbar riga mai sitaci, wani lokaci ma ba ya garin. Dattijon nan ne ya buɗe baki ya ce "na karɓa", amma da yamma ba gidansa za a kai amarya ba. Wannan shi ne "on behalf of" ɗungurungum. Abu uku ne a ciki: akwai wakili, akwai wanda aka wakilta, akwai kuma aikin da wakilin ya yi wanda sakamakonsa ke komawa kan wancan. Duk jimlar da ka sa "on behalf of" a cikinta, ka nemi waɗannan ukun. In ɗaya ya ɓata, jimlar ta gurgunce.

To mu auna taka. Wanda aka wakilta yana nan, ƙungiya ce. Ina wakilin, ina aikinsa? Bayan waƙafi ka ce "you are all welcome", sai jimlar ta koma kan baƙi, kai mai wakilcin ka ɓace daga cikinta. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne kai da aikinka: "I welcome you all". Ko a Hausa ai cewa muke yi "a madadin ƙungiya ina yi muku barka da zuwa", da "ina" ɗin a ciki.

Ba zan tsananta maka a nan ba, don a magana ta baki irin wannan yana wucewa. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama ya ji ma'aikaciyar jirgi na cewa "on behalf of the captain and crew, welcome aboard", babu "I" a ciki, kuma babu wanda ya ce ta yi laifi, don kalmar marabar ita kanta ce aikin, kowa kuma ya san bakin da ta fito. Haka "on behalf of all of us, thank you". Inda abin ke zama abin dariya shi ne a rubutattun sanarwa. Na taɓa tsayawa a bakin wata ma'aikata ina karanta takardar da aka manna: "On behalf of the management, the gate will be closed at 10 p.m." A yadda aka gina jimlar, ƙofar ce wakiliyar hukumar. Haka katin da ke cewa "On behalf of the family, the wedding will take place on Saturday". Ɗaurin auren ba ya wakiltar kowa. Ko dai a ce "On behalf of the family, I invite you", ko a yar da wakilcin gaba ɗaya a ce "The family invites you", wanda ya fi gajarta ya kuma fi kyau.

Sai "myself". Mutum ba ya zama wakilin kansa alhali yana tsaye da ƙafafunsa. Ka taɓa jin ango ya ce shi ne wakilin ango? Gaskiya ne za ka ji har Turawan kansu, musamman 'yan siyasa a wurin ta'aziyya, suna cewa "on behalf of myself and my family", kunne ya saba da shi har ba a ɗaukarsa babban laifi. Amma ni a wurina cikon baki ne. A jimlarka ma ya fi zama banza, don kai ɗan ƙungiyar ne, da ka ambace ta ka riga ka shiga ciki. In kana son a san cewa kai da iyalinka ne ke godiya, ka ce "my family and I thank you", magana ta ƙare. Akwai dai wuri ɗaya da Turanci ya yarda mutum ya tsaya wa kansa, shi ne "on my own behalf", kuma ana kawo shi ne inda aka saba ganin wakili amma babu. Wanda ake tuhuma a kotu in bai ɗauki lauya ba ya tashi ya kare kansa, sai a ce "he spoke on his own behalf". Ko shugaban ƙungiya da ke son ya raba ra'ayinsa da na ƙungiya, ya ce yau da bakinsa yake magana.

Tun da muna wurin, ka kiyayi "on behalf of my wife and I", wanda masu son burgewa ke yawan faɗa. Bayan "of", "me" ke zuwa. Cire matar daga jimlar ka ji: babu mai cewa "on behalf of I". Shi kuma "the entire members" da ka faɗa, Turancinmu ne na gida. "Entire" yana tafiya da abu guda da ake nufin dukkansa, kamar "the entire association". In jam'i ne sai "all the members".

Yanzu ga ramin da ya fi cin Bahaushe, kuma harshenmu ne ya haƙa shi. Kalmar "a madadin" tana yi mana aiki biyu. Muna cewa "ya yi jawabi a madadin sarki", wato wakilci. Muna kuma cewa "a madadin ya tafi makaranta sai ya wuce kallon ƙwallo", wato maimakon. Turanci bai haɗa su ba. Na farkon ne kaɗai "on behalf of". Na biyun "instead of" ne, ko "in place of". Wata shekara ina duba insha'in 'yan aji huɗu na sakandare, wata yarinya ta rubuta cewa ranar da ba ta da lafiya "my mother gave me tea on behalf of kunu". Washegari na rubuta jimlar a allo ba tare da na faɗi mai ita ba, na tambayi ajin ko kunun ne ya aiko shayi ya wakilce shi saboda wani uzuri ya riƙe shi. Aka yi ta dariya har da ita, kuma daga ranar ban sake ganin wannan kuskuren a ajin ba.

Na kunu abin dariya ne, amma akwai inda bambancin ke taɓa aljihu. Dubi waɗannan biyun: "I collected the money on behalf of my brother" da "I collected the money instead of my brother". A ta farko kuɗin na ɗan'uwanka ne, amana ce a hannunka, sai ka kai masa. A ta biyu abin da aka faɗa kawai shi ne kai ka karɓa shi bai karɓa ba, mai ji na iya fahimtar cewa rabon ya dawo kanka. In ka rubuta ɗaya a takardar shaidar karɓar kuɗi alhali ɗayar kake nufi, ka buɗe ƙofar rigima. Haka mataimakin shugaban makaranta da ya je taro "on behalf of the principal": shugaban na nan a kujerarsa, aike ya yi. In kuwa aka naɗa shi "in place of the principal", to an sauke wancan. Ɗan wasan da aka sako daga benci ma "in place of" wanda aka cire yake shiga, don in ya ci ƙwallo sunansa za a rubuta.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su bar "a madadin" su gwada da "da yawun". In za ka iya cewa wane ya yi abu da yawun wane, ko ya yi masa, ko ya tsaya masa, to "on behalf of" ya zauna. Shayi ba ya zuwa da yawun kunu.

Misalan da suka fi fito da ma'anar su ne na inda mai abu ya kasa zuwa da kansa. A ranar 10 ga Disamba 2023 aka yi bikin ba da kyautar Nobel ta zaman lafiya a birnin Oslo, wadda ta ci kyautar kuwa, Narges Mohammadi ta Iran, tana tsare a kurkukun Evin a Tehran. 'Ya'yanta tagwaye ne suka hau dandamali suka karɓa, suka kuma karanta jawabin da ta rubuto. Jaridun Turanci suka ce sun karɓa "on her behalf". Hannunsu ne ya karɓi lambar, sunan uwarsu ne a kanta. Haka aka yi a 1991, lokacin da Aung San Suu Kyi ke tsare a gida a Burma, 'ya'yanta maza suka karɓar mata. Har ƙin karɓa ma ana wakilta: a bikin Oscar na 1973, inda ake ba da kyaututtukan fina-finai a Amurka, jarumin fim Marlon Brando ya ci kyauta amma ya ƙi zuwa, ya tura Sacheen Littlefeather ta hau ta ce ba ya so, "on his behalf". A namu ɓangaren kuma, wanda ya yi wa mahaifinsa da ya rasu aikin Hajji, Turanci zai ce "he performed the Hajj on behalf of his late father". A nan ma'anonin nan biyu da Amurkawa suka so rabawa sun haɗu wuri ɗaya, ya tsaya a matsayinsa, kuma don amfaninsa ya yi.

Akwai wani kuskuren da ba namu kaɗai ba ne, masu harshen ma suna tafka shi a rediyo da jarida: sa "on behalf of" a inda ake nufin "on the part of", wato daga ɓangaren wane. Za ka ji an ce hatsarin ya faru saboda "carelessness on behalf of the driver". Direban bai aiki kowa ya yi masa ganganci ba, shi ya yi abinsa, don haka "on the part of the driver" ne. Wani lokaci ma'anar juyewa take yi gaba ɗaya. "Anger on the part of the workers" na nufin ma'aikatan ne suka fusata. "Anger on behalf of the workers" na nufin wasu ne suka fusata saboda abin da aka yi wa ma'aikatan, suna taya su. A rahoton sulhu tsakanin ma'aikata da hukuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Game da siffar kalmomin, abin kiyayewa kaɗan ne. Da wakilin suna, cewa ake yi "on my behalf", "on her behalf", "on their behalf", ba a saba cewa "on behalf of me" ko "on behalf of him" ba sai in akwai wani suna da aka haɗa. Ko mutum ɗari ne, "on their behalf" ne, ba a ƙara wa kalmar komai. Da suna kuma hanya biyu ce, "on the chairman's behalf" ko "on behalf of the chairman", in sunan ya yi tsawo ta biyun ta fi sauƙi a baki. Kada ka cusa "the" ka ce "on the behalf of". A da can ana yi, fassarar Baibul ta zamanin Sarki James ta 1611 tana da "in the behalf of" da "on the behalf of", amma yau tsohon yayi ne. Kalma ɗaya ce, ba a raba ta a rubuta "be half". Harafin "l" ɗin ciki ba a furta shi, kamar dai a "half", kuma ka tabbata ƙarshenta ya fita da "f" ta Turanci, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, don bakinmu yana son mayar da ita "p".

Tun da kai sakatare ne, inda za ka fi buƙatar wannan shi ne wasiƙa. Buɗewa da "I am writing on behalf of the association to request" daidai ne, kuma ya fi dacewa da ƙungiya irin taku fiye da "I am directed to" na ma'aikatun gwamnati. In shugaba ba ya nan aka ce ka sa masa hannu, kada ka kwaikwayi sa hannunsa. Ka sa naka, ka rubuta sunanka, a ƙasa ka sa "for: Chairman", yadda ake yi a ofisoshin gwamnati a nan Najeriya. A wasiƙun Ingila za ka ga haruffa biyu, "p.p.", daga Latin "per procurationem", wato ta hanyar wakilci, aikinsu ɗaya. A takardun yarjejeniya da na kamfanoni za ka ga doguwar siga, "signed for and on behalf of", sannan sunan kamfanin, don a nuna cewa alkawarin na kamfani ne, mai sa hannun alƙalami ne kawai. A shari'o'in filaye a kotunanmu ma za ka ga an rubuta a ƙarƙashin sunan mai ƙara "for himself and on behalf of" dangin wane. Ka lura da yadda lauyoyi suka raba: "for himself" don kansa, "on behalf of" don sauran. Da ka bi wannan tsarin a jawabinka da "myself" bai ba ka matsala ba.

Abu ɗaya da nahawu ba zai gyara ba shi ne wakilcin da ba a ba mutum ba. Kullum muna gani a talabijin, mutum huɗu sun kama ɗaki a otal, sun jera makirufo, ɗaya ya gyara hula ya ce yana magana "on behalf of all the youths of the North". Turancinsa daidai ne, babu inda zan sa jan biro. Sai dai ko wakilin ango sai da aka je har gida aka ce masa Baba kai za ka karɓa mana. Kai dai naka da sauƙi, zaɓenka aka yi, kuma an rubuta a littafin taro.

Ga yadda za ka buɗe a taro na gaba: "On behalf of the association, I welcome you all." In kana son ka ƙara armashi, "On behalf of the chairman and all our members, I am pleased to welcome you." Ka gai da abokan naka biyu, ka ce wa na farkon in ya tashi rubuta wa Ba'amurke wasiƙa yana iya sa "in" ɗinsa. In kun sa ranar taron ka turo mini jawabin da kwana biyu kafin nan in duba maka sauran.